Kama Da Wane Ba Ta Wane: Amsa Ga Wadda Kalmomin Turanci Ke Rikita Wa Kai

Anti, barka da aiki. Ni matar aure ce, shekaruna 26, 'ya'yana biyu. Sau biyu ina zana WAEC Turanci yana kayar da ni, na farko E8, na biyu D7, sauran darussan kuwa duk na ci. Burina in shiga makarantar koyon aikin jinya. Maigidana ya sake biya mini, amma ya ce wannan ce ta ƙarshe. Matsalata kalmomin nan masu haruffa kusan iri ɗaya. Ƙanena ya turo mini dogon jerinsu ta WhatsApp, irin su accept da except, lose da loose, quiet da quite, though da through da thought, kowace da ma'anarta a gefe. Wata biyu ke nan ina haddarsu bayan sallar asuba, amma da na zo rubutu sai su cakuɗe, har waɗanda na sani a da yanzu kokwanto nake. Kwanan nan aka yi rasuwa a dangin mijina, na rubuta a gurup ɗin gida "Except my condolence". Facalata da ta yi jami'a ta saka alamar dariya, ta ce ashe ban da ta'aziyyata. Tun ranar ban ƙara rubuta komai a wurin ba. Anya ƙwaƙwalwata ba ta toshe ba? Ko in haƙura da karatun nan?

Ƙanwata, Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ya ba ku haƙurin rashi. Ta'aziyyarki ta isa inda kika aika ta, domin duk wanda ya karanta saƙon nan ya gane nufinki, har da mai dariyar. Zan dawo kanta in mun gama da abin da ya fi ta muhimmanci.

Ƙwaƙwalwarki lafiyarta ƙalau. Wadda kanta ya toshe ba ta cin lissafi da kimiyya, ba ta kuma tashi daga E8 zuwa D7 da goyo a baya da girki a gaba. Tsakaninki da C6, wato matakin farko na kiredit, taki ɗaya ya rage. Abin da ke ja miki ƙafa shi ne jerin nan da ƙanenki ya turo, Allah ya saka masa da alheri a kan niyyarsa. Na yi shekaru ina koyar da Turanci a sakandaren 'yan mata, kuma ni ma da hannuna na sha cika allo da irin wannan jeri kafin in gane ɓarnar da yake yi. Yakan ɗauko kalmomi biyu masu kama da juna ya zaunar da su kafaɗa da kafaɗa, ita kuwa ƙwaƙwalwa abin da ta gani tare, tare take ajiye shi. Ki zuba gishiri da sukari a robobi iri ɗaya ki jera su wuri guda, ranar da yara suka makara kina sauri za ki san abin da ya shiga cikin shayin maigida. Masana koyar da harshe sun daɗe da lura da haka. Paul Nation, wani malamin jami'a a ƙasar New Zealand da ya shafe rayuwarsa yana nazarin yadda ake koyon kalmomi, ya yi gargaɗin cewa koyon kalmomi masu kama da juna a lokaci guda yana sa su shiga cikin juna, a ƙara wahala maimakon a rage. Mu dai tun kaka da kakanni mun san taura biyu ba ta taunuwa.

Abin mamaki, ke kullum kina yin abin da ya fi wannan wuya ba tare da kin lura ba. Dubi baki da ake cin tuwo da shi, da baƙi na launi, da baƙi waɗanda suka yi sallama a ƙofar gida. Na biyu da na uku ma ko ɗigo bai raba su a rubutu ba. Dubi wuya da ake sa wa sarƙa da wuya da ake sha, ko kuka na jariri da kuka ta miya. In uwar mijinki ta ce "ɗauko gari ki tuƙa mana tuwo", ba ki taɓa zaton Kano ko Zariya take nufi ba. Wa ya ba ki jerin waɗannan kika haddace? Babu. Kowace kin tsince ta ne a gidanta, tare da maƙwabtanta, ɗaya a madafa, ɗaya a tasha, shekaru tsakaninsu. Mahaddatan Alƙur'ani ma sun san inda ƙafa ke zamewa shi ne ayoyi masu kama da juna, kuma abin da ke riƙe su shi ne sanin abin da ya gabaci kowace da abin da ya biyo bayanta. Turanci bai fi ƙarfin wannan dabarar ba.

To amma jerin naki ba duka za a zubar ba. Ya haɗa 'yan uwa na jini da waɗanda kama ce kawai ta haɗa su, sai mu rarrabe.

Mu fara da wadda ta ba ki kunya. Accept da except uwarsu ɗaya. Guntun nan na ƙarshe, cept, daga Latin ya fito, ma'anarsa kamawa ko ɗauka. Abin da aka ɗafa musu a goshi shi ya raba su. Na accept yana nufin "zuwa ga", wato ki kama abu ki jawo shi wajenki, ki karɓa. Shi kuwa ex yana nufin "waje", wato ki kama abu ki fitar da shi daga cikin sauran, shi ya sa except take nufin "ban da". Kuma ex ɗin nan tsohon saninki ne. Shi ne a saman ƙofar asibiti da banki inda aka rubuta exit, mafita. Shi ne a export, fitar da kaya ƙasar waje, da expel, korar ɗalibi daga makaranta, da exhale, fitar da numfashi, wadda za ki riƙa faɗa wa marasa lafiya in Allah ya kai ki. Duk inda kika ga ex, ki nemi abin da aka fitar. A saƙon ta'aziyya babu abin da ake fitarwa, roƙo ake a karɓa.

Wannan hanyar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya zauna gaban malamin Islamiyya. Hukunci, hukuma, hakimi, hikima, duk baƙaƙe uku ne na Larabci suke yawo a cikinsu. Shaida, shahada, shahidi, haka. A Hausarmu ma daga karanta aka sami karatu da makaranta da makaranci. Turanci ya kwaso dubban kalmomi daga Latin da Faransanci da Girkanci, kuma da saiwarsu suka zo. Spect kallo ne: inspect a duba cikin abu, spectator ɗan kallo, spectacles tabarau, suspect a kalli mutum ta ƙasan ido, wato a zarge shi. Sufeton 'yan sanda da muke faɗa inspector ne bakinmu ya gyara shi, aikinsa dubawa. Port ɗauka ce, ga ta a transport da import da porter, ɗan dako. Tract ja ne: tarakta mai jan garma, subtract a janye daga lissafi, extract a zaro, kamar yadda likita ke cire haƙori. Ject jifa ne: inject a jefa magani cikin jiki, reject a jefar da abu baya, a ƙi shi. Irin waɗannan ki haɗa su shafi guda ba komai, domin haruffan da suka yi tarayya a kai ma'ana suke ɗauke da ita, kowace tana riƙe da hannun 'yar uwarta.

Tunda jinya kika nufa, ga biyu da nake so ki ɗauka da muhimmanci tun yanzu. Hyper "sama da ƙima" ne, hypo "ƙasa da ƙima". Hypertension hawan jini, hypotension faɗuwarsa. Hyperglycaemia sukari ya yi yawa a jini, hypoglycaemia ya yi ƙasa, har mutum ya kama rawar jiki da gumi ya sume. A ɗakin jarrabawa rikita su maki ɗaya ne. A gefen gadon mai ciwon sukari magana ce ta rai.

Sai ɗaya rukunin, su though, through, thought, tough, thorough, cough. Waɗannan kam kama da wane ba ta wane. Babu ma'anar da ough ke ɗauke da ita, kuma kowace da yadda ake furta ta. Ba ke kaɗai suke wahalarwa ba, 'ya'yan Turawa ma a Ingila sai an yi da gaske suke iya rubuta su. Dalilin tarihi ne. Haruffan Turanci 26 ne, sautukansa kuwa wajen 44, tun daga nan rigar ta yi wa mai ita kaɗan. A 1066 Normawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, harshensu ya zama na fada da kotu shekaru aru-aru, marubutansu suka riƙa rubuta Turanci da tsarin da suka saba. A 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a ƙasar, rubutu ya fara daskarewa, alhali a daidai wannan zamanin furucin wasulan Turanci yana ta sauyawa a bakin mutane. Kafin Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa a 1755, baki ya riga ya yi gaba ya bar alƙalami a baya. Wannan gh da kike gani, da can furta shi ake yi, sauti ne daga maƙogwaro mai kama da kha na Larabci. Jamusawa har yau suna furta nasu, night ɗinsu Nacht ne. A Turanci sautin ya mutu a wasu kalmomin, kamar though da thought, a wasu kuma ya rikiɗe ya koma f, kamar tough da cough da enough, amma haruffan suna nan kamar kufai. Mu Hausar boko tamu a ƙarni na 20 aka daidaita ta, shi ya sa abin da muka faɗa kusan shi muke rubutawa. Kada ki nemi hikima a ough, babu ita.

Maganinsu raba musu ɗaki. Ki ɗauki through kaɗai a wannan makon, ki manta akwai sauran. Ma'anarta ratsawa, ta cikin abu. Ki sa ta a jimlolin da suka fito daga rayuwarki, ba na littafi ba: "The goat came in through the back door." "We passed through Funtua." Ki rubuta da hannu, ki faɗa da baki, gobe ki sake wata jimlar, jibi wata. Sai ta zauna daram sannan ki buɗe wa thought ƙofa, ita kuma ki haɗa ta da danginta na gaskiya: think ta koma thought kamar yadda buy ta koma bought, bring ta koma brought. Kin ga ashe tana da 'yan uwa, ba waɗanda aka jera ta da su ba ne kawai. Though kuwa, wato "ko da yake", ta jira mako na uku.

Akwai 'yan dabarun tuni da nakan ba ɗalibaina, amma na ga wanda mutum ya ƙirƙira da kansa ya fi zama. Loose tana da o biyu, ta yi faɗi kamar zoben da ya yi wa yatsa yawa, sako-sako ke nan. Lose kuwa ta yar da o ɗaya, asara ke nan ko ɓatarwa. Affect da a take farawa, kuma galibi aikatau ce, ta shafi wani abu. Effect galibi suna ce, sakamakon da ya biyo baya. Advice shawarar da nake ba ki ce, advise kuwa ba da ita, ta farko da sautin s take ƙarewa, ta biyu da z. Stationary mai harafin a kusa da ƙarshe "a tsaye" take nufi, stationery mai e kayan rubutu. Su biyun nan ma akwai labari: a tsohuwar Ingila mai sayar da littattafai da ke da rumfa tsayayya, ba mai talla ba, shi ake kira stationer, kayan rumfarsa suka gaji sunan. Quiet gaɓa biyu ce, ki ja ta kamar malama tana tsawata wa aji, shiru ke nan. Quite gaɓa ɗaya, "sosai" ko "dai gwargwado". In kika furta su daidai, hannunki ba zai ruɗe ba.

Wannan ya kawo ni wurin da jerin ƙanenki bai taɓo ba ko kaɗan, kuma ina zargin rabin matsalar a nan take. Sau da yawa ba ido ne ke rikita kalmomin ba, kunne ne. Abin da bakinki bai raba ba, alƙalaminki ba zai raba ba. Mu Hausawa ba mu da p da f a matsayin sautuka biyu. Guda ɗaya gare mu, da leɓɓa biyu muke yin sa, shi ya sa a bakin wani yake fitowa kamar p, Basakkwace kuma ya ce tahi da hwari. Haka v takan koma mana b, th ta koma s ko z. Sai pull da full su zama abu ɗaya, pan da fan, pile da file, vote da boat, think da sink.

Ni kaina na sha wannan. Shekarata ta farko a aji, ana zafin bazara, na dubi wata yarinya a layin gaba na ce ta tashi ta kunna fanka, da Turanci. Abin da ya fito daga bakina "put on the pan" ne. Yarinyar, 'yar wani ma'aikacin jirgin ƙasa da ta tashi a Kudu, ta miƙe da ladabinta ta ce, "Malama, me za mu soya?" Ajin ya kwashe. Na koma gida ko abincin rana ban iya ci ba. Wata tsohuwar malama ce ta zaunar da ni a ɗakin malamai washegari, ta yago siririyar takarda ta riƙe mini a gaban baki. Ta ce in haɗe leɓɓana in sake su da ƙarfi in ce pan, takardar ta yi tsalle. Ta ce yanzu in ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa in hura a hankali in ce fan, takardar ta ɗan karkata kawai. Mako biyu na yi ina wannan a gaban madubi kamar mai taɓin hankali. Ki yi shi ke ma, ki sa yaranki su taya ki, su wasa za su ɗauke shi. In haƙori bai taɓa leɓe ba, ba f ba ce. Ita v ma wurin zamanta ɗaya da f, murya kawai ake ƙara mata. Th kuwa sai kan harshe ya leƙo tsakanin haƙora.

A wani wurin kuma Hausa gata ta yi miki. Live da leave, ship da sheep, fill da feel, full da fool, suna ba mutane da yawa wahala, amma kunnen da ya raba gari na zama da gari na tuwo ya riga ya san gajeren wasali da dogo. Wannan aikin bakin ba ado ba ne, maki ne, domin Turancin WAEC a Nijeriya yana da takarda guda sukutum ta gwajin furuci, inda za a ba ki kalma a ce ki zaɓo wadda ke da sauti irin nata, kuma da gangan suke jero masu haruffa iri ɗaya da sauti daban don su kama mai bin ido.

A wajen insha'i kuma, akwai makin da aka ware wa tsabtar rubutu, kowane kuskuren harafi ko alamar rubutu ana zaftarewa daga ciki har ya ƙare. Don haka ranar jarrabawa ba ranar gwada sabuwar kalma ba ce. In kina kokwanton though, rubuta but. In thorough ta tsaya miki a wuya, careful tana nan. Mai duba takarda bai san abin da kika kauce wa ba, abin da kika rubuta kawai yake gani. Kuma kada ki dogara da gyaran da waya ke yi. Except kalma ce sahihiya, shi ya sa wayarki ba ta ja mata jan layi ba ranar nan. Ki nemi ƙamus na masu koyo, irin na Oxford da ake samu a shagunan littattafai, saboda yana kawo kowace kalma cikin jimla, kuma jimlar ce abin kwafa, ba ma'anar kaɗai ba. Lokacin bayan asubar nan da kike ba hadda, ki raba shi: kaɗan ga kalmar mako, saura ki karanta labarin auna fahimta guda daga tambayoyin shekarun baya, da ƙarfi, kina jin muryarki. Ka'idar da aka saba a makarantun jinya ita ce kiredit biyar, Turanci da lissafi da darussan kimiyya uku, a zaman da bai wuce biyu ba. Tunda huɗun suna hannu, ƙarfinki ya tafi inda giɓin yake.

Maigida kuma, mutumin da ya buɗe aljihu sau uku ba ya cikin masu son ki zauna. "Wannan ce ta ƙarshe" sau da yawa maganar gajiya ce da tsadar rayuwa. Ki bar shi ya riƙa ganin littafin a hannunki, wani lokaci ki miƙa masa ya yi miki shifta bayan cin abincin dare. Wanda aka sa a cikin aiki ba ya saurin yanke masa hukunci.

Saura facala. Abin da ta yi bai kyautu ba, musamman a zaren ta'aziyya, inda mutane ke cikin jimami. Mai son gyara ta bayan fage take bi. Amma ban ba ki shawarar ramuwa ba, ban kuma yarda da wannan shirun naki ba, domin kowace rana da kika ƙi rubutu, ita kika bar wa filin, kuma hannunki ne ke yin sanyi ana saura 'yan watanni jarrabawa. Zaman facalanci dogo ne, gidan suna da gidan biki duk za su haɗa ku. Ki koma gurup ɗin yau. In Hausa ta zo miki ki yi Hausa, ba wanda ya ce ta'aziyya sai da Turanci, "Allah ya jiƙansa ya sa ya huta" ta fi kowace condolence nauyi a kunnen wanda aka yi wa rashi. In Turanci ya zo ki yi Turanci. In ta sake gyara miki, ki ce "Na gode, Yaya, na karɓa", ki je ki duba ƙamus, domin masu jami'ar ma suna rubuta loose a wurin lose, na gani da idona a takardun neman aiki ba sau ɗaya ba.

Kafin Juma'a mai zuwa ki turo mini jimloli biyar da accept, duka a kan abin da ya faru a gidanku cikin makon. Except kada ki taɓa ta tukuna, sai na ce.